Bindigar Kakanmu Mai Baki Biyu: Yadda Ake Gane Ta Asali da Ta Jabu

 Kamar yadda muka saba, ga rubutaccen shirin nan domin waɗanda data ba ta bar su sun saurara ba.

Yau maganar bindiga za mu yi, tsohuwar bindigar farauta mai baki biyu. Za mu duba inda ta samo asali, da yadda masana ke gane ta asali da ta jabu, da abin da ke sa wata ta yi kuɗin gida sukutum, wata kuma ko kuɗin rago ba ta kai ba, alhali in ka jera su a tabarma sai ka rantse uwarsu ɗaya. Abin da ya jefa ni cikin wannan bincike kuwa rigima ce ta cikin gidanmu.

Bara waccan kakanmu na wajen uba ya rasu, Allah ya jiƙansa. Da aka zo rabon gado, an yi wa gida kuɗi, an yi wa gona, an yi wa shanu, ba wanda ya ɗaga murya. Sai aka jawo wani dogon ƙunshi daga ƙarƙashin gadonsa, an naɗe shi da tsohon bargo. Bindiga ce mai baki biyu, da wasu 'yan guduma biyu a waje sun miƙe kamar kunnuwan zomo. A doronta, wato siririn ƙarfen nan da ke tsakanin bututun biyu, an rubuta W. RICHARDS, LONDON.

Babban baffanmu ya ce a bar masa ita a cikin kasonsa, don shi ne ke riƙe wa tsoho jaka in za a je farauta tun yana yaro. Har an kusa amincewa, sai wani ɗan baffana ya buga sunan a waya. Abin da ya fito masa shi ne Westley Richards, da farashin gwanjo na fam dubbai. Shi ke nan gida ya ɗau zafi. Ƙaramin baffa ya ce dama yayansa ya san darajarta shi ya sa ya riga kowa. Mutum biyu da suka sha nono ɗaya suka daina gaisawa. Daga nan gwaggo ta kira ni ta ce, "Kai da kullum kake surutun tarihi a waya, to yau ga ranarka, zo ka yi mana amfani."

To kafin in gaya muku abin da na tarar, mu koma baya kaɗan, don in ba ka san tarihin bindigar ba, ba za ka iya yi mata kuɗi ba.

A farkon ƙarni na 19, bindigar farauta a Ingila ta baki ake ɗura mata albarushi, kamar dai harbi-rugar maharbanmu, kuma da ƙyastu take kama wuta. Babban gwanin Landan a lokacin shi ne Joseph Manton, wanda ya rasu a 1835. A hannunsa James Purdey ya yi aiki kafin ya buɗe nasa shagon a 1814. A birnin Birmingham kuma an kafa kamfanin Westley Richards a 1812, sannan gidan da daga baya ya zama Holland & Holland ya fara a Landan a 1835. Ku riƙe sunayen nan, su ne manyan da kowa ke son a ce bindigarsa tasu ce.

Sai canje-canje suka riƙa zuwa a jere. A 1807 wani limamin coci ɗan Scotland, Alexander Forsyth, ya yi rajistar dabarar tayar da wuta da sinadarin da ke fashewa in an doke shi, abin da ya yi sanadin ajiye ƙyastu. A shekarun 1830 wani Bafaranshe, Casimir Lefaucheux, ya fito da bindigar da ake karyawa a tsakiya a zura harsashi ta baya. Turawan Ingila sun gan ta a babban bajekolin Landan na 1851, maƙeransu suka kwaikwaya suka inganta. A shekarun 1860 aka samu harsashi mai maɓalli a tsakiyar gindi, irin wanda muka sani yau, da ɗan hannun nan na sama da ake turawa gefe da babban yatsa bindiga ta buɗe. A 1875 wasu mutum biyu na kamfanin Westley Richards, William Anson da John Deeley, suka fito da tsarin da ya ɓoye gudumomin a cikin jikin bindiga, kuma har gobe ana ƙera bindigogi a kan tsarin nasu. A 1880 Frederick Beesley ya sayar wa Purdey tasa dabarar, wadda ke sa bindiga ta kusa buɗe kanta.

Me ya sa na jero muku shekarun nan? Saboda su ne ma'aunin farko. A gidanmu akwai masu cewa bindigar kaka ta haura shekara 200. To bindigar da ake karyawa a sa mata harsashi ta baya, mai ɗan hannu a sama, ba yadda za a yi ta girmi shekarun 1860. Tun kafin in taɓa ta wannan labarin ya faɗi.

Abin da ya sa bindigogin manyan gidajen nan suka yi tsada tun asali shi ne irin mutanen da aka yi wa su. Masu sarauta da attajiran Ingila na ƙarshen ƙarni na 19 sun mai da harbin tsuntsaye gasa. Ana sa ma'aikata su koro tsuntsaye, mai gida yana tsaye da bindiga biyu ko uku iri ɗaya sak, yana harbi wani yana ɗura masa. Akwai wani basarake, Lord Ripon, da aka rubuta cewa daga 1867 zuwa rasuwarsa a 1923 ya harbe tsuntsaye da dabbobi 556,813, kuma bindigogin Purdey yake riƙewa. Irin wannan aiki sai bindigar da ba ta gajiya. Aunawa ake yi wa mutum kamar yadda tela ke auna riga: tsawon hannunsa, faɗin kafaɗarsa, inda kuncinsa ke sauka a ƙota. Maƙeri daban na bututu, na ƙota daban, mai zane daban, a kwashe watanni ana aikin guda ɗaya. Kuma kowace bindiga ana ba ta lamba, a rubuta a kundin kamfani da sunan wanda aka yi wa da awonta.

Yanzu ga inda maganar take, ku ba ni kunnuwanku.

Bututun bindiga in ba a ƙera shi da kyau ba, fashewa yake yi a hannun mai harbi. Saboda haka hukuma ta sa baki. Ƙungiyar maƙeran bindiga ta Landan ta samu izinin sarki tun 1637, ita ke gwada bindigogi. A 1813 majalisar dokoki ta kafa gidan gwaji na Birmingham, kuma yana nan yana aiki har yau. Abin da suke yi shi ne su ɗura wa bututu albarushi fiye da kima su tayar. In ya jure, sai a buga masa hatimi a jikin ƙarfe. Dokar 1868 ta ƙara ɗaure abin, har yanzu laifi ne a Birtaniya ka sayar da bindigar da ba ta da hatimin gwaji mai inganci. Hatimin nan ba a sama ake buga shi ba inda kowa zai gani. Yana ƙasan bututu, wajen da ke kwanciya a kan uwar bindiga, sai ka cire ɗan katakon gaba ka raba bututun da jiki sannan ka gan shi.

Kowane gari da nasa. Na Landan kambi ne a kan haruffan GP a sarƙe, da wani kambin a kan V. Na Birmingham daga 1813 zuwa 1904 sandunan sarauta biyu ne a gicciye da 'yan haruffa a tsakaninsu, daga 1904 aka koma kambi a kan BV da BP. In ka ga an rubuta NOT FOR BALL, to tsakanin 1875 da 1887 aka gwada ta. Kun ga ke nan hatimi yana gaya maka gari, yana kuma gaya maka zamani.

Sai gari na uku, Liège a ƙasar Beljiyam. Nan ma tsohon garin maƙera ne, suna da gwanaye na gaske, amma kuma su ne suka cika duniya da bindigogi masu araha. Hatiminsu haruffa uku ne, E da L da G da ɗan tauraro, a cikin da'ira mai siffar ƙwai, tun wajen 1810 zamanin Napoleon. Daga 1893 aka ɗora wa da'irar kambi. A ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20, dillalai sun riƙa sa a yi musu bindigogi masu arha a Liège, a rubuta musu sunan da ya yi kama da na manya. A rubuta W. Richards don mai saye ya zaci Westley Richards ne. A rubuta T. Barker don a zaci Parker ta Amurka ce. An sayar da irinsu birjik a kantunan Amurka da sauran ƙasashe. Wato abin nan da muke gani a kasuwar waya da takalma, a canja harafi ɗaya a suna, ya girmi kakanninmu. Hausawa dai sun ce kama da wane ba ta wane.

Akwai wata 'yar sarƙaƙiya a nan. An yi wani maƙeri na gaskiya a Liverpool mai suna W. Richards, kuma bindigoginsa masu kyau ne. To ta yaya za ka raba su? Ta hatimi. Tasa tana ɗauke da hatimin Ingila. Shi kuwa kamfanin Westley Richards sunansa cikakke yake rubutawa.

Mu nan ta ina abin ya shafe mu? Garuruwan nan biyu, Birmingham da Liège, su ne suka daɗe suna ƙera bindigogin fatauci da ake kawowa Afirka ta Yamma. A 1890 ƙasashen Turai suka sa hannu a yarjejeniyar Brussels, wadda ta taƙaita sayar da bindigogin zamani a mafi yawan Afirka, aka bar wa 'yan ƙasa masu ƙyastu da baƙin albarushi. Shi ya sa a zamanin Turawa mai baki biyu ta zama abin nuna isa, sai wanda hukuma ta yarje wa. Da yawan jami'an mulkin mallaka kuma a wani kanti na Landan suke sayen kayan tafiya, Army & Navy, wanda ke rubuta sunansa a kan bindigogin da akasari a Birmingham aka ƙera masa su. Kundin cinikinsa na bindigogi yana ajiye a Jami'ar Glasgow. In taku na ɗauke da wannan suna, da lambarta ana iya gano ranar da aka sayar da ita da wanda ya saya.

To, ranar da na je gida, aka shimfiɗa tabarma a zaure, baffannin biyu kowa ya kalli gefe guda. Na fara tabbatar da babu komai a cikinta, na cire katakon gaba, na raba bututun, na goge ƙasansa da tsumma da ɗan mai, na haska fitilar waya. Ga shi nan ɓaro-ɓaro: E, L, G, da tauraro, a cikin ƙwai, da kambi a sama. Babu hatimin Landan, babu na Birmingham.

Na ce, "Baffa, ku yi haƙuri, wannan bindiga ba a Landan aka yi ta ba. 'Yar Beljiyam ce, kuma bayan 1893 aka gwada ta."

Ƙaramin baffa ya ce, "Kai yaro, ga Landan a rubuce da manyan baƙi, ka ce mana me?"

Na ce, "Baffa, rubutun sama mai sayarwa ne ya sa aka yi. Na ƙasan nan hukuma ce ta buga." Na buɗe masa hotunan hatiman ƙasashen uku, ya sa tabarau ya daɗe yana gwadawa da kansa. Bai ce komai ba, ya miƙo min wayata.

Yanzu bari in ba ku ma'aunan da masu gwanjo ke bi, ko da wani zai tsinci kansa a irin zaman da na yi.

Na farko, wa ya ƙera ta? Mun gama wannan: a haɗa suna da hatimi da lamba, in kamfanin yana da kundi a tambaye shi. Purdey da Holland & Holland da Westley Richards duk suna riƙe da tsofaffin kundayensu.

Na biyu, duk gaɓoɓinta nata ne? Lambar da ke jikin bututu ita ya kamata ka gani a uwar bindiga da ƙarfen katakon gaba. In sun saɓa, haɗe-haɗe ce. A auna tsawon bututu. Yawancin na wancan zamani inci 28 ne ko 30. In ka ga tsawon da bai cika lissafi ba, ko ka leƙa bakin ka ga bututun biyu ba su haɗu da juna ba sai dalma a tsakani, to an yanke. Akwai kuma gyaran da ake yanke tsohon bututu a bar gindinsa a zura sabo. A Ingila ana buga wa irin wannan kalmar SLEEVED, kuma ko da aikin ya yi kyau, farashi ya sauka. Ƙota ma haka. Da katakon wani itace mai suna walnut ake yin ta, in an sauya za ka ga launinta ko zanen riƙonta bai dace da na katakon gaba ba.

Na uku, lafiyarta. Akwai gwaji mai sauƙi: ka rataye bututun da yatsa, ka ɗan ƙwanƙwasa shi. In ya yi ƙara kamar ƙararrawa, haɗinsa lafiya. In ya yi "ƙwaf" kamar fasasshiyar tukunya, dalma ta saki. Ka haɗa bindigar ba tare da katakon gaba ba ka girgiza. In kana jin motsi, ta yi sako-sako. Ka leƙa cikin bututu ta haske ka nemi ramukan tsatsa. Masana suna da abin auna kaurin bangon bututu, in ya gaza kusan rabin milimita sukan ja baya. Kuma kowane hatimi yana tafe da awon faɗin ramin bututu. In an yi ta goge ciki don a kawar da tsatsa har ramin ya wuce awon da aka yarda, hatimin ya mutu ko da yana nan a jiki.

Na huɗu, hannun wa ta bi? Wannan shi ke juya lissafi gaba ɗaya. Kamfanin A.H. Fox na Philadelphia ya ba tsohon shugaban Amurka Theodore Roosevelt kyautar bindiga mai baki biyu, ya tafi da ita farautarsa ta Afirka ta 1909, tafiyar da ta fara daga gabashin Afirka ta ƙare a Khartum a 1910. A 2010 aka yi gwanjonta a kan dala 862,500. Ƙarfen da katakon ba su kai ko kusa da haka ba, sunan mai ita aka saya. Amma fa da takardu. "An ce ta wani Bature ce" ba ya ƙara ko sisi a gaban mai gwanjo. Rasiti, tsohon lasisi, hoto, wasiƙa, su ne ke magana.

Akwai kuma abin da ya fi ba ni takaici a ranar. Ashe ɗan baffan nan nawa, da ya ji ana maganar fam dubbai, ya ɗauki samfefa ya bi gefe ɗaya na uwar bindigar da rabin bututu ya goge tas, wai don ta yi kyan gani a hoto. Gyaran gangar Auzinawa ke nan. Bututun kakan irin wanda ake kira Dimashƙa ne. Ba a birnin Dimashƙa ake yin sa ba, sunan ya samo ne saboda zanensa ya yi kama da na takubban da aka san birnin da su. Siraran ƙarafa iri biyu ake murɗawa, a naɗe su a jikin sanda, a yi ta duka da wuta har su haɗe, sai zane ya fito kamar igiyar ruwa. Ita kuma uwar bindiga akan gasa ta a cikin gawayin ƙashi, ta fito da launuka, shuɗi-shuɗi da ruwan ƙasa. Masu saye suna lissafa yawan abin da ya rage na wannan launi na asali, da shi suke yanka farashi. Samfefar minti goma ta tafi da abin da ya shekara sama da 100 a wurin. Da ta Westley Richards ce ta gaske, da yaron nan ya goge kuɗin mota da hannunsa. Saboda haka don Allah, in kuna da tsohon abu irin wannan, kada a kai wa mai walda, kada a shafa fenti, kada a murɗe kusoshinsa da sukudireban da bai dace ba. Tsumma da ɗan mai, a ajiye inda babu laima.

Sai gargaɗi, wannan kuwa maganar rai ce. An yi bindigogin nan ne don baƙin albarushi, harsashin yau kuwa albarushinsa marar hayaƙi ne, ƙarfinsa ya fi. Sannan gurbin harsashin yawancin tsofaffin milimita 65 ne, na yau da yawa 70 ne, kuma zai shige lafiya lau ka rufe ba ka san akwai matsala ba. Tsatsa tana iya cin bututun Dimashƙa ta cikin haɗinsa inda ido ba ya gani. In zai fashe, sau da yawa a daidai inda hannun hagunka yake riƙe ne. Kada wanda ya ce bari ya gwada ta kaka ranar Sallah. A Najeriya kuma dokar makamai ta 1959 ta ce sai da lasisin 'yan sanda ake riƙe irin wannan bindiga, kuma lasisin mamaci ba ya zama na magaji. A je a gyara takarda kafin a shiga uku.

Ƙarshen rigimarmu? Aka kira wani dattijon maharbi na garin ya yi mata kuɗi a gaban kowa, kuɗin bai kai na tunkiyar da ke cikin gadon ba. Aka cire daga kason babban baffa, aka bar masa ita, ya je ya yi takarda da sunansa. Da za a tashi, ƙaramin baffa ya ɗaga ƙotar yana dubawa, ya nuna wata tsaga da aka ɗaure da jan waya, ya ce, "Yaya, ka tuna ranar da tsoho ya faɗi da ita a fadama?" Babban ya ce, "Ai kai ka riƙe masa fitila yana ɗaurewa." Nan suka zauna suna ba mu labarin har aka kira magariba. A wajen mai gwanjo wannan tsagar aibi ce da za ta rage farashi. Gwaggo dai cewa ta yi kada wanda ya kuskura ya kwance wayar.

In akwai tsohuwar bindiga ko takobi ko wani kayan gado a gidanku, ku ɗauki hoton hatimin da rubutun da ke jiki ku turo, amma ku rufe lambar, kada kuma ku faɗi unguwa. Za mu zaɓi wasu mu duba tare a shiri na gaba. Ku tura wa 'yan uwa, musamman masu saurin ɗaukar samfefa.